Dafodil ta fito da ganye zalla babu fure: a tone ta ko a bar ta?

Maman_Ilham_Leeds:
Assalamu alaikum 'yan lambu. Shawara nake nema a kan dafodil, furen nan na ado da ke tsirowa daga albasa. Akwai albasarta kamar 40 a gefen ciyawar bayan gida, irin Dutch Master, shekara huɗu ke nan da shuka su. Shekara biyun farko sun yi fure sosai, bara ya ragu, bana kuwa ga mu a ƙarshen Maris ganye ne kawai ya fito, kore shar, furen bai fi biyar ba. Ƙasar wurin laka ce, kuma akwai bishiyar tuffa kusa. Me ya jawo haka? In tone su yanzu in sake musu wuri, ko in zuba taki in jira baɗi?

Malam_Sabo_Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a ba ki magani sai an san ciwon. Yaushe ake yanke ganyen bayan furen ya bushe? Zurfin nawa aka binne su? Sannan ganyen da ya fito bana mai faɗi ne irin na da, ko siriri ne kamar ciyawa?

Maman_Ilham_Leeds:
Mai yankan ciyawa yana bi ta kansu da inji wajen tsakiyar Afrilu, kamar mako biyu bayan fure. Na ɗan tona gefen gungu ɗaya yanzu, ƙasar da ke kan albasar ba ta fi santimita 5 ba. Ganyen yawanci mai faɗi ne, amma akwai wuri biyu da ya fito siriri, ƙwara biyu ko uku kawai.

Malam_Sabo_Lambu:
To ga masomin abin nan, Hajiya. Furen da za ki gani baɗi ba baɗi ake ƙulla shi ba. A cikin albasar yake haɗuwa tun daga Mayu zuwa Yulin bana, kuma abincin da take haɗa shi da shi daga ganyen nan yake saukowa. Makonni shida na bayan fure su ne lokacin da ganye ke shan rana yana tura abinci ƙasa. In inji ya bi ta kai a mako na biyu, kamar an sare karan dawa ne ƙwaya ba ta nuna ba. Albasar ba za ta mutu ba, amma za ta rame.

Abin da ya sa ba a gane da wuri ba, albasar da aka sayo daga shago ta zo da furenta a ciki da kuma ajiyar abinci daga gonar da aka rene ta. Shekarar farko da wannan ajiyar ta yi fure, ta biyu da ragowarta. Daga nan sai abin da ganyen ya tara a gidanki, shi kuwa ba a bar shi ya tara komai ba.

Zurfin ma ya yi kaɗan. Ƙa'ida ita ce rami ya kai ninki uku na tsayin albasar. Dutch Master takan kai santimita 5 zuwa 6, ke nan rami na santimita 15 ko fiye, ƙasa ta rufe kanta da aƙalla santimita 10. Wadda take kusa da sama zafi da fari na Yuni da Yuli suna isa gare ta, sai ta riƙa rabuwa zuwa ƙananan 'ya'ya masu yawa, kowanne yana iya fitar da ganye amma babu wanda ya kai girman yin fure.

Injiniya_Bello:
Na yarda da Malam Sabo. Amsar tambayarki ta biyu kuwa, kada ki tone yanzu. Saiwar dafodil sau ɗaya take fitowa a shekara, daga faifan da ke gindin albasar, tun a kaka. Ba ta yin rassa, wadda ta tsinke kuma ba ta cika mayar da wata ba sai shekara ta zagayo. In kika tone a Maris kin yanke mata ruwa daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Ki kafa ɗan sanda a jikin kowane gungu don kada wurin ya ɓace miki, ki jira ganye ya yi ruwan ɗorawa ya kwanta, wajen tsakiyar Yuni, sannan ki tone.

Hauwa_Spalding:
Injiniya, ba a hana ɗaga ta da ganye ɗungurungum ba. In aka sa shebur mai yatsu nesa da gungun da kamar santimita 20, aka ɗago shi da ƙasarsa gaba ɗaya, aka mayar cikin rami mai zurfi nan take aka ba shi ruwa sosai, yana kamawa. Amfanin hakan shi ne ana ganin inda kowace take, ba a sare albasa da shebur a makance. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a kakkaɓe ƙasar a raba su ɗaya-ɗaya ganye na kore.

Injiniya_Bello:
Anti Hauwa, ai nata raba su ake so a yi, tunda sun cunkushe kuma sun yi 'ya'ya. Ɗago gungu da ƙasarsa zurfi kawai zai gyara, cunkoson yana nan. Kuma a ƙasar laka gungun yakan tsage da nauyinsa, saiwar ta tafi.

Hauwa_Spalding:
A kan laka kana da gaskiya. Amma shekara huɗu ba ta isa a ce cunkoso ya hana fure ba in an ba su tazara tun farko. Ni a ganina inji ne babban mai laifi a nan, zurfi na biye.

Ummu_Khadija88:
Don Allah in ganyen ya zube ya yi muni fa? Na ga tsofaffin Turawa suna kitse shi ko su naɗe su ɗaure da roba, wurin ya yi tsaf.

Malam_Sabo_Lambu:
Kada ki yi, 'yar'uwa. Ganyen da aka naɗe bayansa kaɗai ke ganin rana, na ciki yana duhu, kuma lanƙwasawar tana karya hanyoyin da abinci ke bi ya sauka. A bar shi ya baje yadda yake so. Abin da za a cire shi ne kan furen da ya bushe tare da ƙullutun da ke bayansa, don a nan iri ke haɗuwa yana cin ƙarfin albasar. A tsinke shi da yatsa, a bar karan, shi ma kore ne yana aiki. Wanda munin ya dame shi ya shuka wani abu a gabansu da zai taso a Mayu ya rufe su.

Dr_Nafisa_K:
Ku koma kan abin da ta faɗa na wuri biyun da ganye ya fito siriri. Wannan ba alamar yunwa ba ce, ya fi kama da aikin ƙudan albasar dafodil. Babban ƙuda ne mai gashi, wanda bai sani ba zai ɗauka wani irin ƙudan zuma ne, amma ba ya harbi. Yana tashi a ranakun da rana ta fito a Mayu da Yuni. Macen takan sauka a gindin ganyen da ya fara bushewa ta ajiye ƙwai a wuyan albasar ko cikin ƙasar da ke kusa. Tsutsar ta gangara ta jikin albasar, ta huda ta gindi, ta zauna a tsakiya tana ci har hunturu ya wuce. Yawanci tsutsa ɗaya ce a albasa ɗaya, tsayinta ya kusa santimita 2, kuma abin da take fara cinyewa shi ne tohon furen. Abin da ya rage a gefe shi ke fitar da siraran ganyen nan.

Albasar da ba ta da zurfi ita ta fi sauƙin kamuwa. Haka kuma idan ganye ya bushe yakan bar rami a ƙasa daidai wuyan albasar, ta nan ake shiga. Don haka da ganye ya fara kwanciya a tura ƙasa a cike ramin a danne da ƙafa. Wanda abin ya yi wa yawa ya rufe wurin da raga mai ƙananan ido daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli. Babu maganin feshi da ake sayar wa masu lambun gida don wannan ƙwaron a Ingila.

Hajiya, waɗannan wurare biyun su kam ki tone su yau, ba sai Yuni ba. Ki matsa kowace da yatsa. Lafiyayya tauri gare ta, kuma da nauyi.

Garba_Lelystad:
Ƙari a kan bayanin Dakta. In an yanka albasar da ake zargi, abu uku ake dubawa. Rami a tsakiya cike da datti mai ruwan ƙasa, ƙuda ne. Ruɓa mai launin cakulan da ta faro daga gindi tana hawa sama, wani lokaci da farar funfuna mai ɗan ja-ja a faifan gindin, wannan ruɓar gindi ce, kuma ƙasa mai ɗumi da danshi take so. In kuwa an yanka ta a kwance aka ga zobe-zobe masu ruwan ƙasa a tsakanin ɓawon ciki, ganyen kuma ya karkace da ƙananan ƙuraje da ake ji da yatsa, to wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Ita ce mafi muni, don tana zama a ƙasa, akwai ma jinsinta da ke kama albasar ci. Manoman Ingila suna kashe ta da jiƙa albasar a ruwa mai zafin digiri 44.4 na ma'aunin Celsius na awa uku. A gida hakan ba ya yiwuwa da tukunya a kan murhu, zafin ya ɗan haura an dafa furen, ya ɗan sauka tsutsar ta tsira. A zubar a kwandon shara, kada a sa cikin takin gida, kuma kada a sake shuka dafodil a wurin sai bayan wasu shekaru.

Abu_Sadiq:
Ni dai na ce taki ne ya ƙare a wurin. A samo kashin kaji ko na shanu a zuba musu, magana ta ƙare.

Hauwa_Spalding:
A'a Malam Abu. Ɗanyen kashin dabbobi a kan albasa ruɓa yake kawowa, kuma yawan naitirojin ganye yake ƙarawa, alhali ganye ne ya riga ya yi mata yawa. Abin da albasa ke so bayan fure shi ne fotash. Mafi sauƙi takin ruwa na tumatir, a dama yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a zuba a gindi duk kwana 10 zuwa 14, daga bushewar fure har ganye ya fara sauya launi. Ga waɗanda ba su yi fure ba, a fara tun yanzu. Sannan a Fabrairu, da kan ganye ya ɓullo, a barbaɗa takin zamani na gama-gari kamar giram 70 a kowace murabba'in mita, a kula kada ƙwayar ta maƙale a tsakanin ganye ta ƙone shi. Takin gida da ya ruɓe sarai ya koma baƙar ƙasa ba laifi a shimfiɗa shi a sama a kaka, amma kada ya taɓa jikin albasar a cikin rami.

Abu_Sadiq:
Toka fa? Ai akwai fotash a ciki.

Hauwa_Spalding:
Tokar itace zalla tana yi, cikin tafin hannu ɗaya a murabba'in mita, sau ɗaya a shekara. Ban da tokar kwal da ta gawayin gashi na kanti da ake haɗawa da sinadari. In ta yi yawa tana sauya ƙasa ta koma mai kanwa-kanwa, dafodil kuwa ta fi son ƙasa tsaka-tsaki ko mai ɗan tsami kaɗan.

Malam_Sabo_Lambu:
Kada a manta da bishiyar tuffar. A Maris ba ta da ganye, rana na isa ƙasa, shi ya sa mutane ke ganin wurin ya dace. Amma daga ƙarshen Afrilu take rufewa, daidai makonnin da muke magana a kai, kuma saiwarta tana shanye ruwan wurin. In Mayu ya zo da fari a ba su ruwa mai yawa sau ɗaya a mako, ya ratsa ƙasa sosai, ba yayyafi ba. Da ganye ya bushe kuma a daina, don a lokacin hutunta ba ta son jiƙa.

Hajiya_Rabi_Bham:
Ku yi haƙuri in katse ku, tunda ana maganar tonewa da ajiyewa. Albasar dafodil guba ce, kuma a ido ba ta da maraba da ƙaramar albasar miya, har ɓawon ruwan ƙasan. A gidajenmu da yara ke shiga kicin, ko tsohuwa ta zo daga gida ba ta san da wannan shuka ba, kuskure ba ya da wuya. Ba mu kaɗai ba, a Fabrairun 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila sai da ta rubuta wa manyan shaguna cewa su raba dafodil da sashen kayan miya da 'ya'yan itace, saboda mutane na saye su dafa. Kada a ajiye ta a kicin ko kusa da buhun albasa. A sa a raga, a rubuta a jiki, a rataye a ɗakin kayan lambu. Bambancin da ake ganewa shi ne ba ta da warin albasa in an yanka, ba ta kuma sa hawaye.

Dr_Nafisa_K:
Allah ya saka, Hajiya Rabi. Sinadarin ana ce masa laikorin, yana ko'ina a jikin shukar amma ya fi yawa a albasar, kuma dafawa ba ta sa a ci lafiya. Alamunsa tashin zuciya, amai, ciwon ciki da gudawa, cikin ɗan lokaci bayan an ci. Wanda ke Ingila ya kira 111, lambar neman taimakon lafiya, nan take, in yaro ne ko abin ya yi tsanani a tafi asibiti da ragowar abin da aka ci. Kare da kyanwa ma yana kama su. Ruwan jikin karan kuma yana sa ƙaiƙayi da tsagewar fata ga mai yawan taɓawa, a sa safar hannu. Wannan gubar ce ta sa kurege da ɓera da barewa ba sa cin dafodil, alhali suna tone albasar furen tulif. Daga cikin dangin sinadaran nan ne kuma ake samun galantamin da ake ba masu cutar mantuwa ta Alzheimer, har akwai gonakin dafodil a tsaunukan Wales da ake nomawa don shi. Wannan aikin masana'anta ne, ba abin jiƙawa a gida ba.

Dalibi_Jos:
Ranku ya daɗe, mu da ke gida fa? A Jos muna da sanyi, ana noman tuffa da sitiroberi da dankalin Turawa. In aka kawo albasar za ta yi?

Garba_Lelystad:
Ɗan'uwa, a ƙasa kai tsaye irin su Dutch Master ba za su yi ba. Suna buƙatar mako 12 zuwa 16 a jere cikin sanyin da bai haura digiri 9 ba. Wannan sanyin ne ke sa karan furen ya miƙe ya fito. A Jos dare na yin sanyi a Disamba da Janairu, amma da rana ta ɗaga zafi ya koma sama da 20, lissafin ya rushe. Abin da za a samu shi ne ganye, ko fure gajere maƙale a gindi. Daga baya kuma damina ta same ta a lokacin da take son bushewa, ruɓar gindin da na ambata ta gama da ita.

Hanyar firji tana yi ga mai wuta tsayayya. A shuka su a tukunya, a jiƙa ƙasar, a sa tukunyar cikin leda mai huji a firji a digiri 4 zuwa 7. In an sa a ƙarshen Satumba, a fitar a farkon Janairu lokacin da toho ya kai santimita 3 zuwa 5 kuma saiwa ta leƙo ta hujin ƙasa. A ajiye a inuwa mai haske kwana uku zuwa huɗu, sannan a kai inda rana ta safe ke samu. Cikin mako uku zuwa huɗu za a ga fure. Kada a haɗa su a firji da tuffa, ayaba, mangwaro ko tumatir, iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa in suna nuna tana kashe tohon da ke ciki. Kuma shekara ɗaya ce, ba za ta maimaita ba.

Zainab_Izmir:
Akwai wadda ta fi sauƙi, Dalibi. Irin dafodil ɗin da ake ce wa Paperwhite asalinsu bakin tekun Bahar Rum ne, ba sa buƙatar sanyin nan sam. Fari ne furen, ƙanana da yawa a kara ɗaya, da ƙamshi mai ƙarfi. Ko ƙasa ba dole ba ce: a zuba tsakuwa santimita 5 a kwano, a jera albasar tsini sama, a ƙara tsakuwa ta riƙe su zuwa rabi, a zuba ruwa ya tsaya dab da gindi ba tare da ya taɓa shi ba. In ruwa ya hau jikinta za ta ruɓe. Mako huɗu zuwa shida ta yi fure. A lokacin hunturu a Jos, kai har Kano da Zariya, za ta yi a ɗaki mai haske da iska. Matsalarta a wuri mai ɗumi ko mai ƙarancin haske takan yi tsawo ta faɗi, sai an kafa mata tsinke an zagaye da zare.

Injiniya_Bello:
Sai dai a sani ba a shigar da albasar shuka Najeriya a jaka haka kawai. Hukumar killace kayan gona ta Najeriya, NAQS, ce ke ba da izinin shigo da tsirrai, kuma ana neman takardar lafiyar shuka daga ƙasar da aka sayo. Dalilin shi ne irin tsutsar da Garba ya faɗa. Wanda ke son fure daga albasa a gida ba tare da wannan wahalar ba, amarilis da albasar kwaɗi danginsu ɗaya da dafodil, kuma zafi da damina ne yanayinsu. Su ma guba ne, ba a ci.

Sani_Calgary:
Mu kuma namu akasin haka ne. A ƙasa dafodil tana jure hunturun Kanada in an binne ta da zurfi, santimita 20, tun Satumba don ta yi saiwa kafin ƙasa ta daskare, a rufe da busasshen ganye. A tukunya a waje kuwa mutuwa take, don sanyi na shiga ta kowane gefe ƙasar ta zama dutsen ƙanƙara, a Afrilu a tarar da albasar ta yi laushi ta zama ruwa. Tukunya sai gareji ko wani wuri da ke tsayawa tsakanin digiri 2 da 7, a ɗan jiƙa ta sau ɗaya a wata.

Ummu_Khadija88:
A Ingila fa, tukunya a baranda? Ba ni da lambu.

Hauwa_Spalding:
Tana yi sosai. Tukunya mai zurfin santimita 25 zuwa 30 da huji a ƙasa, ƙasar buhu kashi biyu, ƙananan tsakuwa kashi ɗaya. A tukunya ana matsa su, tazarar yatsa ɗaya, kada dai su taɓa juna ko jikin tukunyar. A ɗora ta kan bulo don ruwan sama ya riƙa fita. Ki nemi gajeru irin Tête-à-tête, santimita 15 ne tsayinta, ko Jetfire ko Minnow, iska ba ta karya su. Ki kula da dodon koɗi, shi gubar ba ta hana shi, yakan hau da dare ya cinye furen tun yana toho. Bayan shekara biyu a sauya ƙasar.

Bintu_M:
Tambaya a gefe. Me ya sa in aka haɗa dafodil da tulif a kwalba ɗaya tulif ɗin ke sunkuyawa washegari?

Zainab_Izmir:
Yauƙin da ke fita daga karan dafodil ne ke lalata ruwan, sauran furanni su kasa sha. A sa ta ita kaɗai a ruwa kaɗan ta kwana, a zubar da ruwan, sannan a haɗa su, kuma kada a sake yanke karan. A yanko ta lokacin da tohon ya sunkuyar da kai ya fara nuna launi, ta fi daɗewa.

Maman_Ilham_Leeds:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Dakta, na tone wurare biyun. Albasa uku sun yi laushi, biyu da rami a tsakiya da baƙin datti, ɗaya da tsutsar a ciki. Babu zobe. Na kusa da su masu tauri ne amma ƙanana, da yawa ba su fi goro ba. Yanzu in na tone sauran a Yuni, in mayar nan take ko in ajiye zuwa kaka?

Malam_Sabo_Lambu:
Duka biyun ana yi. In wurin da za su koma a shirye yake, mayarwa nan take ya fi, don ƙasa ta fi kowane ɗaki iya ajiyarsu. In za a ajiye, a shanya su a inuwa mai iska kamar mako biyu, ba a rana ba, a kakkaɓe ƙasa, a cire busasshen ganye da saiwa. 'Ya'yan da suka saki da kansu a raba, wanda yake manne da uwar a bar shi, in aka ɓalle da ƙarfi faifan gindi ya yage ruɓa ta samu ƙofa. A zuba a raga, ban da leda, a rataye inda bai wuce digiri 18 ba. A shuka daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Dafodil ba ta son jinkiri irin na tulif da ake kaiwa Nuwamba, ita da wuri take fitar da saiwa.

Wajen shukar, tsini sama, faifai ƙasa, zurfi santimita 15, tazara santimita 12 zuwa 15. Tunda laka ce, a zuba tsakuwa cikin tafin hannu a gindin kowane rami.

Injiniya_Bello:
Malam, a nan na saɓa maka. Tsakuwa a gindin rami cikin laka wurin taruwar ruwa take zama, ruwan kewaye ya gangaro ya zauna daidai inda saiwa take. Gara a haƙe wurin gaba ɗaya zurfin santimita 30, a cakuɗa tsakuwa da ruɓaɓɓen taki da ƙasar, ko a ɗaga kunya sama da sauran lambun da santimita 10 zuwa 15.

Malam_Sabo_Lambu:
In laka ce mai riƙe ruwa har ya kwanta bayan an yi sama, maganarka ce daidai. A gwada: a haƙa rami santimita 30, a cika da ruwa, in washegari yana nan sai kunya.

Dr_Nafisa_K:
Tunda an tabbatar da ƙudan yana wurin, ni ba zan goyi bayan mayarwa a Yuni ba, lokacin yana kan tashi. Kuma in za a shanya su a waje a rufe da raga, don yana bin albasar da aka tone ya yi mata ƙwai. Kafin a shuka a sake matsa kowace, a duba gindi ko akwai ɗan huji mai tsatsa-tsatsa.

Abu_Sadiq:
Masu girman goron nan sai sun yi shekara biyu ko uku kafin su yi fure. Albasa ba ta da tsada a Satumba. A sayi sabbi masu lamba 12/14 ko 14/16 a jikin buhu, wato kewayensu a santimita, a huta.

Hauwa_Spalding:
Sabbin ma in inji zai bi ta kansu a Afrilu, bayan shekara uku nan za a dawo. A yi duka biyun. Ƙananan a jera su a wani lungu mai rana su girma, zurfin santimita 10 ya ishe su, saiwarsu na jan su ƙasa da kanta. A cikin ciyawa kuma a sa masu saurin fure, February Gold ko Tête-à-tête, waɗanda ke gamawa a Maris, ka ga zuwa tsakiyar Mayu an cika mako shida an yanke ciyawa. Irin Actaea da sauran masu jinkiri, da ke kaiwa ƙarshen Afrilu ko Mayu, ba na cikin ciyawar da ake yankewa ba ne, sai an jira har ƙarshen Yuni. A kuma shuka su gungu-gungu a wuri ɗaya yadda mai inji zai iya zagayewa.

Garba_Lelystad:
February Gold ƙaramar albasa ce a kan Dutch Master, a auna ta kafin a haƙa, ninki ukun nata zai tsaya wajen santimita 12. A cikin ciyawa kuma kada a yi amfani da takin ciyawa mai haɗe da maganin kashe haki muddin ganyen dafodil yana waje.

Maman_Ilham_Leeds:
Na kafa sanduna a jikin gungun, na kuma zagaye wurin da igiya saboda inji. Takin tumatir zan fara ranar Asabar in sha Allahu. Ragar da za a rufe da ita daga tsakiyar Mayu, ba za ta tare wa ganyen rana ba?

Dr_Nafisa_K:
Farar raga ta ƙwari haske na ratsa ta, abin da take ragewa kaɗan ne. A ɗaga ta a kan ƙarafa ko sanduna kada ta danne ganyen, a binne bakinta a ƙasa ta kowane gefe. Sai dai tsutsar da ta riga ta fita daga albasa ta shiga ƙasa a wurin za ta ƙyanƙyashe a ƙarƙashin ragar, don haka a riƙa ɗagawa ana dubawa da rana, a kashe wanda aka gani.

Injiniya_Bello:
Shi ya sa nake ganin a wannan shekarar ragar ba za ta yi wani amfani ba, Dakta, an rufe ƙuda da abincinsa wuri ɗaya. A cike ramukan wuya da ƙasa, a tone a Yuni, a tantance. Raga sai baɗi a sabon wuri.